Surukina da Tsuntsayen Cikin Talabijin

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ko an tuna mini sai na yi da gaske kafin in kamo bakin zarensu. Amma abin da ya faru tsakanina da surukina, mahaifin maigidana, a shekarar da ya yi jinya a gidanmu na Malumfashi, wannan kam har in koma ga Mahaliccina yana nan daram a zuciyata.

Jikata ce ta taso mini da shi kwanan nan. Ta zo hutu daga jami'a, ta buɗe kwamfutarta a tsakar ɗakina ta ce, "Hajiya, zo ki ga wasannin zamaninku." Wai akwai wata manhaja da ake sakawa, sai sabuwar kwamfuta ta riƙa kwaikwayon tsofaffin injinan wasa, kamanninsu da ƙararsu duka. Na ce mata ta ƙyale ni in ji da tsintar shinkafata. Tana danna wani abu sai na ji wannan ƙara, dum, dum, dum, kamar ana buga turmi daga nesa. Ban san sa'ad da na ture farantin ba. Na ce, "Miƙo nan." Yarinya ta saki baki tana kallon kakarta tana harbi ba kuskure. Ta ce, "Hajiya, a ina kika koya?" Na ce mata, "A bayan labule."

Lokacin ba a ma yanke mana jihar Katsina ba, muna ƙarƙashin Kaduna. Maigidana akawu ne a wurin gurzar auduga. Ni kuma na gama sakandaren 'yan mata a Funtua aka yi mini aure, ina gida da goyon 'yata ta biyu, wadda ta fara rarrafe, ta farin kuwa tana hannun mahaifiyata. Gidan haya ne ɗan madaidaici, falo da ɗakuna biyu, da talabijin mara kala wadda muke rufewa da ƙyalle mai ado kamar amarya.

Maigida mutum ne natsattse, amma yana da abu guda da yake mayar da shi yaro. Tun yana ɗalibi a Kaduna ya ga wani inji a wani babban kanti, tsayinsa ya kai na mutum, ana jefa masa sule sai ya ba ka wasa. Ya sha ba ni labarin yadda yake hana cikinsa abincin rana saboda injin nan. To yana da aboki mai shagon rediyo da rikoda a Funtua, Ibo ne amma haifaffen garin, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Wata rana ya dawo daga sarin kaya a Legas ya kira maigida ya ce, "Malam, injin nan naka na Kaduna, ga shi an matse maka shi cikin kaset." Haka kwamfuta ta shigo gidanmu.

In kun gan ta ba za ku ce wani abu ba ce. Wani ɗan baƙin allo ne mai madannai, ana jona shi da talabijin da rikoda. Wasan kuma yana cikin kaset, irin wanda muke sauraren wa'azi da shi. Za ka sa kaset, ka rubuta wata kalma ta Turanci, ka danna, sai rikoda ta kama wani irin kuka kamar gyare dubu sun taru a kunnenka. Kana jira har ruwan shayi ya tafasa. Wani lokaci bayan duk wannan jira sai ta ƙi, ka ciro kaset ka mayar da shi baya da biro, ka sake. Yaran yanzu da suke dannawa abu ya fito nan take ba su san daɗin da ke cikin jiran nan ba. Maigida ya koya mini tayar da ita don ya riƙa dawowa daga aiki ya tarar da ita a shirye tare da abincinsa. Abin da bai yi tsammani ba, cikin ɗan lokaci na fi shi iyawa. Har ya bar duniya bai yarda da wannan magana ba, Allah ya jiƙansa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wasu halittu ne suke saukowa daga sama sahu-sahu, suna tafiya gefe zuwa gefe, kai kuma kana ƙasa da 'yar bindiga kana harbinsu kafin su sauko maka. Abin riƙewar wani ɗan akwati ne mai sanda a tsakiya kamar giyar mota, da jan maɓalli a kusurwarsa ta hagu. Hannun hagu shi ke riƙe akwatin yana danna maɓallin harbi, dama kuma ita ke tuƙa sandar. Da hannu ɗaya ba ya yiwuwa.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba, manomin auduga da dawa ne a Ƙarfi. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, wanda bai san kwanciya ciwo ba. Matarsa ta rasu ba da jimawa ba, sai ga shi a tsakiyar damina ya yanke jiki ya faɗi a gona. Ɓarinsa na dama ya shanye. Bayan an sallame shi daga asibiti aka ce ya zauna wurinmu saboda mun fi kusa da likita. Baki ya daidaita, ƙafa ta dawo har yana jan ta da sanda, amma hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likita ya ce hannun bai mutu ba, in ana motsa shi kullum akwai sa rai, in kuwa aka bar shi zai ƙage ya sandare, shi ke nan. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya juya ƙwallon nan a hannun hagu ya ce, "Ni za a ba ƙwallo? Da furfurata?" Ya gangara wa jikarsa ita, zancen ya ƙare.

Babbar damuwar ita ce abinci. Baba mutum ne da ya tarbiyyantar da 'ya'yansa da bugun hannu in sun karɓi abu da hagu. Yanzu ga shi ko dai ya ci da hagu, ko a ba shi a baki. Duka biyun ya ƙi. In tura kwano bakin ƙofarsa, in dawo in ɗauke shi kusan yadda na ajiye. Kunu kaɗai yake ɗan kurɓa. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Na ji maigida yana lallashinsa, "Baba, larura ce, malamai sun ce babu laifi." Baba ya ce, "Na sani. Malaman ne za su haɗiye mini?"

Ni kuwa ba ni da bakin magana. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda surukuta take a lokacin. Ban taɓa kallon fuskar Baba ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ko mai irin sunansa na gamu da shi sai in yi masa laƙabi. In na hango shi tafe sai in tuɓe takalmi in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Ga shi da rana mu uku ne kawai a gidan, ni da shi da jaririya. Ina jin nishinsa ta bango, ina share hawaye a madafa, amma ba dama in ce, Baba daure ka ci.

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya maigida yana falo yana wasansa, Baba ya fito zai kewaya. Ina madafa ina jiyo su. Baba ya ce, "Kai yanzu da gemunka, wannan ne aikin akawun?" Maigida ya ce, "Hutawa ce, Baba." Ban ji sandar Baba ta ci gaba ba, alamar ya tsaya kallo. Can sai ya ce, "Waɗannan jan-baki ne?" Maigida ya ce a'a, wai wasu halittu ne daga sama. Baba ya ce, "To jan-bakin daga ƙasa suke tsirowa? Kai, dubi yadda ka bar na gefe! Ta gefe suke cinye gona. Wawa, ka bari sun sauka!"

Jan-baki su ne tsuntsayen nan da ke zuwa garke guda su sauka a gonar dawa su bar wa manomi kara. Baba ya yi rayuwarsa yana yaƙi da su. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa muryarsa ce. Tun da aka kawo shi ban ji ta da ƙarfi haka ba. Na kwana ina juya abin, na tuna yadda ake riƙe akwatin nan da hannu biyu, kafin gari ya waye na san abin da zan yi.

Ranar Litinin bayan azahar, da na ga akwai wuta, na tayar da wasan. Na ajiye akwatin mai sanda a kan tabarmar da Baba ke zama. Na ɗaura wani tsohon zanena a ƙofar da ta raba falo da cikin gida ya zama labule, na jawo rikoda da allon madannai zuwa ɓangarena. Sai na zaunar da jaririya a tsakiyar falo, na koma bayan labule. A al'adarmu jika mace amaryar kakanta ce, wasa ne mai tsawon tarihi. Kuma abin da kunya ta hana ka faɗa wa babba, kana iya faɗa wa yaro a gabansa, ba wanda zai ce ka yi masa magana. Na ɗaga murya na ce, "Ke, kin ga jan-baki sun sauka a gonar angonki, babanki kuma ya tafi aiki. Shi ke nan, bana sai dai a auno dawa a kasuwa."

Har na fara cewa a raina na yi wauta. Sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda tana tahowa, ƙafa tana biye da ita. Ya zauna da ƙyar. Sai ya ce, "Ke amarya, gaya wa mutanen gidan nan, ni tun da nake ban taɓa auno dawa a kasuwa ba."

Ta gefen labulen gwiwoyinsa da hannayensa kawai nake gani, sai talabijin. Ya gwada da hagu ita kaɗai. In ya tura sanda ba harbi, in ya yi harbi bindiga tana tsaye wuri ɗaya. Tsuntsaye suka sauko suka gama da shi. Ya ja tsaki mai tsawo. Na sake kunna masa ba tare da na ce komai ba. Suka sake cinye shi. A karo na gaba sai na ga ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, a hankali kamar mai ɗaukar yaron da ya yi barci, ya ɗora shi a kan sandar. Yatsun ba su kama ba, da wuyan hannu ya tura. 'Yar bindigar ta matsa. Na cusa bakin mayafina a baki don kada ya ji kukana.

Daga ranar ya zama mana aiki. In an ɗauke wuta Baba ya yi ta mita yana cewa masu lantarki sun haɗa kai da tsuntsaye. In akwai wuta kuwa, tun ina wanke-wanke zan ji shi, "Amarya, yau ba a tayar da gyaren ba ne?" Da ya ɗan ƙware sai ya fara tsokana. "Amarya, an ce uwarki ta iya. A miƙa mata mu gani." Ya turo akwatin ta ƙarƙashin labule da sandarsa. Ni kuwa ban taɓa sassauta masa ba, don na san irinsa, da zai gane ana tausaya masa da ya jefar da abin kamar yadda ya jefar da ƙwallo. In na gama in tura masa in ce, "Ke, gaya wa angonki mace ta kore garke bayan garke, shi yana nan yana fama da na farko." Sai ya ce, "Ki ce mata 'yar birni ce, a inuwa ta koyi harbi. Ta zo Ƙarfi watan kaka mu ga ƙaryar iyawa." Jaririya tana tsakiya tana tsotsar ƙwallon likita, ba ta san ita ce jakadiya ba.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi wasa da shi ba. Ana kiran salla nake zare waya, ko da saura ƙiris ya gama da garken. Ya yi ta kumfar baki, "Amarya, uwarki ta fi ladan sauri! Saura tsuntsu ɗaya fa!" In ce, "Gaya masa tsuntsun yana nan cikin kaset, ba inda za shi."

Da na gaya wa maigida sai ya tsorata, ya ce, "Ke, in aka ji fa?" Na ce, "Malam, a ji me? Ban ga fuskarsa ba, bai ga tawa ba, ban yi masa magana ba. Ni da 'yarka nake hira." Ya yi dariya ya girgiza kai.

Ni kuwa ba tsuntsaye nake kallo ba, hannu nake kallo. Na ga lokacin da wuyan hannu ya daina zamewa daga kan sanda. Na ga ranar da babban yatsa ya lanƙwasa ya rungume ta, bayan wasu makwanni manuni ya bi shi. Shi Baba bai lura ba, idonsa yana kan gonarsa. In wasa ya ƙare sai ya mayar da hannun cinya ya ci gaba da ɗaukarsa a matsayin matacce. Abinci kuma har lokacin 'yar loma ce yake ci a ɓoye da hagu. Ina ta neman hanyar da zan nuna masa abin da nake gani, sai Allah ya kawo Yaya.

Yaya ita ce babbar 'yar Baba, tana aure a Matazu. Ita ta goyi maigidana, shi ya sa ko bayan ya zama magidanci in ta yi magana "to" kawai yake cewa. Ta iso da rana ba sanarwa, ta yi ta sallama ba mu ji ba saboda ƙarar harbi da ihun Baba yana cewa, "Ɗan banza, ina za ka?" Sai jin faɗuwar ƙullin tsaraba na yi. "Innalillahi! Baba, me nake gani haka? Caca?" Ta san labarin injin Kaduna mai cin sule, don ita ta sha yi wa ƙanenta faɗa a kansa. Ta finciko labule ta same ni zaune da rikoda a cinya. Ta ce, "Au, ke ce ma mai rabon kartar? Wannan ce tarbiyyar bokon? Surukinki guda, tsoho mai jinya, maimakon a miƙa masa carbi an zaunar da shi ana wasan yara da shi?"

Baba ya sa hagu ya sauke hannun dama daga kan sanda, ya ja ƙafarsa ya shige ɗaki.

Ba na so ku ɗauki Yaya a matsayin muguwa. Da ta bi shi ɗaki ta ga yadda ya rame, kukanta har tsakar gida. A ganinta mun bar mahaifinta da yunwa mun mayar da shi abin dariya. Da maigida ya dawo ta yanke hukunci: a mayar da na'urar cikin kwalinta, ita kuma za ta tafi da Baba Matazu bayan Juma'a ta yi jinyarsa da kanta. Maigida ya ce, "To, Yaya." Ya naɗe wayoyi yana kauce wa idona.

Na san abin da zai faru a Matazu. Za ta riƙa ba shi a baki saboda ƙauna, ta shafe hannun da man zafi ta naɗe shi da tsumma, ya kwanta har ya ƙage. Na ce wa maigida, "Malam, hannun nan fa ya farka." Ya ce, "To me zan ce wa Yaya?" Kwanakin nan Baba bai leƙo falo ba. Ina jin Yaya tana roƙonsa da ludayin kunu, yana cewa ya ƙoshi. Na yi alwala na yi nafila, na binciki zuciyata tsakanina da Allah. Ba a sa kuɗi ba, ba a yi fare ba, salla ba ta taɓa wuce mu ba, kuma ban keta mutuncinsa ba. Na tashi daga kan sallaya ba ni da shakka ko kaɗan.

Ranar tafiya aka ce mai mota zai zo bayan azahar. Akwai sabuwar dawa da 'yan'uwan Baba suka aiko daga gonarsa ta Ƙarfi. Ita na surfa na kai niƙa. Na tuƙa tuwon da ɗan tauri, yadda loma ba za ta wargaje a yatsu ba, na kaɗa miyar kuka mai kauri. Aka fito da Baba falo da jakarsa, maigida yana tsugune gefe. Yaya ta wanke hannu, ta ce a kawo abinci ta ba shi ko loma biyu ce kafin mota ta zo.

Na shigo da akushi kaina a sunkuye, na durƙusa daga bakin ƙofa. Maimakon in miƙa wa Yaya, sai na tura shi ɓangaren Baba na dama, na bi shi da ruwan wanke hannu. Na kwance goyo na zaunar da ita a gabana. Na ce, "Ke, gaya wa angonki dawar gonarsa ce aka tuƙa. Hannun da ya yi ta korar jan-baki shi ya kamata ya fara ɗanɗanawa."

Yaya ta zabura. "Ke, kina da hankali kuwa? Tozarta shi za ki yi a gabanmu?" Maigida ya kafa wa ƙasa ido. Na san abin da na ɗauko. In hannun ya gaza, na kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa, kuma ba zai sake gwadawa ba har abada. Amma na san abin da idona ya gani. Ban kalli Yaya ba, na ci gaba da magana da 'yata. "Ki ce masa ni na gani. Babban yatsa yana lanƙwasa, manuni yana kamawa. Kullum ina gani ta gefen labule. Ki ce masa ba zan yi masa ƙarya ba."

Can sai Baba ya ce, "Amarya, uwarki akwai ƙarfin hali."

Kaina yana ƙasa, don haka hannun kawai nake gani. Hagu ta taso za ta ɗago shi kamar kullum, sai ta tsaya, ta koma. Hannun dama ya ja kansa daga kan cinya yana rawa, ya faɗa cikin ruwan wanke hannu. Baba ya yi bismillah. Manuni da babban yatsa suka nutse cikin tuwo, suka yanko loma, suka dangwali miya. Ya taso da ita har kusa da ƙirji, sai lomar ta suɓuce ta faɗo kan farar rigarsa.

Yaya ta yi ƙara ta kai hannu. Baba ya ce, "Bari." Sai na ji ya ce, "Amarya, kada ki damu. Na farko dama kullum sai ya tsere mini."

Ya sake yankowa, wannan karon ƙarama. Hannu ya taso, shi kuma ya sunkuyo da kai ya tare shi a hanya. Na ji yana taunawa, na ji ya haɗiye. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Amarya, gaya mata gishiri bai ji ba."

Maigida ne ya fara fashewa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Yaya ta rufe fuska da mayafi tana ta "Alhamdulillahi, Alhamdulillahi." Baba kuwa bai kula kowa ba, ya ci gaba da ci, rabi a baki rabi a riga, har ya ga gindin akushi. Mai mota ya iso yana ta oda a waje. Baba ya ce wa ɗansa, "Je ka ba shi haƙuri, ba inda za ni. In ka dawo ka buɗe kwalin nan." Ya juya ga Yaya ya ce, "Ke kuma zauna ki kalli cacar. In kin ga ramin da ake jefa kuɗi ki nuna mini."

Yaya ta zauna tana ta cika tana batsewa. Ba a jima ba na jiyo ta daga bayan labule tana cewa, "Baba, na gefe! Na gefen nan zai sauka!" Ta ƙara kwanaki tare da mu. Ba ta taɓa ce mini ta yi kuskure ba, ni ma ban jira hakan ba. Amma ranar da za ta koma ta ɗauki jaririya ta ɗaga ta sama ta ce, "Ke, ki ce wa uwarki Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata."

Hannun Baba bai koma riƙe fartanya ba. Amma da shi ya ci abinci, da shi ya yi alwala, da shi ya yi musabaha a ƙofar masallaci har ƙarshen rayuwarsa. Ya koma Ƙarfi da ƙafarsa, ya ƙara shekaru masu albarka. Har ya rasu ni da shi ba mu taɓa yin magana kai tsaye ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Abin da na koya a wannan shekara na riƙe shi a duk jinyar da na yi daga baya, kuma na yi da yawa. Babban mutum in ciwo ya kayar da shi, tausayi tsagwaronsa yana ƙara danne shi ne. Abin da yake nema shi ne a nuna masa har yanzu akwai aikin da sai shi. Na kuma gane cewa kunyar da iyayenmu suka koya mana don girmama babba aka yi ta, ba a yi ta don a bar shi shi kaɗai a ɗaki da yunwa ba. Wanda yake son taimako da gaske zai samu hanya a cikin al'adar ba tare da ya karya ta ba. Waraka kuwa ta Allah ce, yana ajiye ta inda ya ga dama. Tamu a cikin kaset mai kukan gyare ya ajiye ta, kuma na gode masa da ya ba ni idon gani da ƙarfin halin tura akushin nan ɓangaren dama.